Bawana Bazazzagi Zai Zama DJ

Bawana na Tukur-Tukur, mai sabon suna DJ Tada-Zaune-Tsaye, ubangidanka na Kano yana amsa gaisuwarka, ko da yake ba ka aiko da ita ba. Labari ya iske mu cewa ka ƙudura sai ka shiga sana'ar sa kiɗa a gidajen biki, har ka buga kati mai hotonka da baƙin tabarau. Katin ya fito, sunan ya fito, tabarau ya fito. Abin da ya rage kawai shi ne kayan aikin da kuma iyawa. Ƙaramin abu ne, kada ka damu.

An ce tun kafin azumi kake bincike. Kowane dare kana kwance kana kallon Turawa a YouTube suna buɗe kwali, gari ya waye ka canja ra'ayi. Jiya Pioneer, yau Numark, gobe Traktor, jibi ka ce ai sai ka ƙara nazari. Ban zarge ka ba, ruwan garinku ne. Mutumin da ya tashi tsakanin Kongo da Samaru ko tsire zai saya sai ya rubuta gabatarwa da babi biyar. To zo ka zauna, Farfesa, Bakano zai warware maka a zama ɗaya, kuma yau kyauta ne. Ka rubuta ranar, don ba za ta maimaitu ba.

Abin da kake kira komai-a-haɗe iri biyu ne, kai kuma ka cakuɗa su. Akwai wanda yake cin gashin kansa, da allonsa da ƙwaƙwalwarsa, ka soka masa filash kawai ya kama aiki babu ruwansa da laftof. Irin su XDJ-RX3 na Pioneer da Prime 4 na Denon ke nan. XDJ-RX3 ɗin ya fito a 2021 a kan kuɗi wajen dala 2,000. Ka buga wannan da canjin yau, ka sha ruwa, mu wuce. Iri na biyun shi ne naka: kwantirola mai faifai biyu, hagu da dama, da miksa a tsakiya, da na'urar fitar da sauti a cikinsa, wanda ake haɗawa da laftof da wayar USB guda ɗaya. Shi ba ya riƙe waƙa, ba ya tunani. Duk aikin laftof ke yi, shi dai hannu ne da maɓallai. Ka lura da wannan da kyau, don a nan ne asirin laftof ɗinka zai tonu, kuma za mu zo kanta.

Kuskurenka tun tushe shi ne ka fara da kallon akwatin. Fitilu suka tafi da hankalinka. Na ji har ka ƙyalla ido a kan Party Mix na Numark saboda yana da ƙwayaye masu launi a bayansa da ke haska bango. Haba bawan Allah! Ga yaro mai koyo a ɗakinsa ba laifi, amma kai da furfura ta fara leƙo maka a gemu? Manhaja ake fara zaɓa. Ita ce matar gida, kwantirola kayan ɗaki ne. Kayan ɗaki ana canja su duk lokacin da aljihu ya yi nauyi, amma wadda ta san inda ka ajiye komai, rabuwa da ita shari'a ce. Duk wahalar da za ka sha ta jera waƙoƙi, da sa alamar inda kowace za ta fara, da gyara lissafin bugunta, a cikin manhajar take zama. Ranar da ka ce za ka koma wata, ko dai ka nemi wata manhajar ta daban mai kwashe kaya, ko ka sake aikin daga farko kana tsaki.

To ga 'yan matan, ka zaɓa.

Akwai rekordbox ta kamfanin Pioneer DJ, wanda tun 2020 sunansa na takarda ya koma AlphaTheta. Amfaninta babba guda ne: manyan wurare a duniya na'urorin CDJ na kamfanin suke girkawa, kuma in ka shirya waƙoƙinka a rekordbox kana iya juye su a filash ka je ka soka a can, komai ya fito yadda ka tsara. Wato in kana mafarkin wata rana a gayyace ka Legas ko Dubai, ita ce hanya. Ni dai iyakar gayyatar da nake hango maka ita ce Giwa ko Soba, amma mafarki ba a biya masa haraji.

Akwai Serato, 'yar birnin Auckland ta ƙasar New Zealand, wadda masu ƙwaƙular faifai da 'yan hip-hop suka riƙa tun zamanin Scratch Live a 2004. Fuskarta a share take, ba ta da yawan rikici. Sai dai wadda ake ba ka kyauta da ƙananan kwantirola, Serato DJ Lite, an rage mata gashin fiffike. Ko naɗar abin da ka haɗa ba za ka iya yi a cikinta ba sai ka biya ka hau Pro. Kai kuwa na san ka da biya: in an miƙo kwanon karo-karo sai alwala ta kama ka. Wani abin dariya, AlphaTheta ya nemi ya saye Serato ɗin ɗungurungum a 2023, hukumar kula da gasar kasuwanci ta New Zealand ta hana a 2024, don kada manhajojin nan biyu su koma gida ɗaya. Ka ga ko a can akwai masu raba aure.

Traktor kuwa ta Jamusawa ce, kamfanin Native Instruments na Berlin, kuma ina roƙonka don girman zumunci kada ka kusance ta. Ba don ba ta da kyau ba. Tana da kyau ƙwarai, masu kiɗan tekno suna ji da ita, kuma in ka sayi Kontrol S2 cikakkiyarta ake haɗa maka. Matsalar kai ne. Traktor tana barin mutum ya sake tsara aikin kowane maɓalli yadda ransa ke so, kai kuma in aka ba ka wannan dama, amarya za ta haihu, a yi suna, a yaye yaron, kana nan kana tsara maɓalli.

Sai VirtualDJ ta kamfanin Atomix, wadda ta fito da wannan suna a 2003. Masu ji da kansu suna yi mata kallon raini, wai ta 'yan koyo ce. Ƙarya suke. In ka leƙa bayan teburin yawancin masu sa kiɗa a bukukuwanmu, ita za ka gani. Tana karɓar kusan kowane kwantirola, tana sa bidiyo, tana da saurin nemo waƙa idan uwar biki ta tsaya a kanka ta ce yanzu-yanzu take so. Kyauta ce ga mai wasa da ita a gida da linzamin kwamfuta, amma da zarar ka haɗa kwantirola kana neman kuɗi da ita, lasisi ake saya. Na san abin da ke ranka, don na ga murmushin. Akwai yaro a PZ da zai sa maka ta sata a kan ɗan abin shan ruwa. Je ka. Ranar da ta daskare ana tsakiyar liƙi, kuɗi na zuba, kiɗa ya tsaya cak, ƙawayen amarya suka juyo gaba ɗaya, ka kira yaron ya zo ya tare maka. In dai kyautar kake so tsakani da Allah, ga Mixxx nan, halal ce, masu sa kai ne suke gina ta, tana hawa Windows da Mac da Linux, ba ta tambayarka ko kwabo. Ba ta da kwalliya sosai, amma kai ma ai haka muka karɓe ka.

Yanzu akwatin. Tashoshi biyu sun ishe ka. Na san kana hangen mai huɗu, irin DDJ-FLX10, don ka ga hoton wani yana murɗe-murɗe da hannu biyu yana cije leɓe. Kai da ko tafi aka ce a yi a wurin taro sai an bi ka da kallo saboda naka daban yake fita, me za ka yi da waƙa huɗu a lokaci ɗaya? Wasa nake. Rabin wasa.

Wanda zan nuna maka da yatsa shi ne DDJ-FLX4, wanda ya fito a ƙarshen 2022 a kan dala 299, ya gaji DDJ-400 na 2018. Yana aiki da rekordbox ba tare da ka biya kuɗin wata-wata ba, yana aiki da Serato DJ Lite, VirtualDJ ma ta san shi. Ga mai ruwan ido irinka wannan rahama ce: ka sayi akwati ɗaya, ka gwada manhajojin a kansa sati biyu, ka tsayar da guda, ka rufe ido. In bai samu ba, Mixtrack Platinum FX na Numark ba abin yarwa ba ne, yana da ɗan allo a tsakiyar kowane faifai mai nuna saurin waƙa. Hercules na Faransa kuma suna da jerin Inpulse, masu 'yan fitilu da ke nuna wa mai koyo ya ƙara gudu ko ya rage har bugun waƙoƙin biyu ya haɗu. Waɗannan su ne kaɗai fitilun da na yarda ka bi.

Abu guda da ba a sasantawa a kansa: kada ka sayi wanda ba shi da na'urar sauti a cikinsa. Dalilin mai sauƙi ne. Aikin DJ shi ne jama'a na jin waƙa ɗaya a lasifika, shi kuma yana sauraren ta gaba a kunnensa, yana daidaita ta kafin ya sake ta. Wannan na bukatar mafita biyu, laftof kuwa rami ɗaya gare ta. DDJ-200 na 2019, misali, ba shi da ita, sai dai a raba ramin laftof da waya mai reshe biyu, kowane ɓangare ya samu rabin sauti. In mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne, to ya gane daga inda ka fito.

Sannan ka duba ramin makirfo. Turawan da kake kallo ba su cika damuwa da shi ba, don su a wurin rawarsu DJ ba ya magana. Mu kuwa bikinmu rabinsa magana ce: a kira dangin ango, a kira ƙawaye, a nemi mai mota kaza ya zo ya gyara fakin, a yi cigiyar yaro. FLX4 yana da rami ɗaya da maɓallin ƙara murya, ya isa a fara. Shawarata dai ka ɗauki emsi Bakano ka ba shi makirfon. Ba na so a cika zaure da manyan mutane, a yi tsit, a ji muryarka ta fito daga lasifika huɗu tana cewa «amarya ya iso». Abin kunyar har mu zai shafa, don an san kai namu ne.

Mu dawo kan laftof ɗin. Wannan baiwar Allah da ka saya ta hannu tun kana ɗalibi, wadda ba ta tashi sai an jingina murfinta da littafi, batirinta kuma ba ya kai tsawon kiran sallah. Ita kake so ta raba murya da kiɗa? Na ji kana ta zuzuta wannan sabon abu, inda manhaja ke cire muryar mawaƙi ta bar ganga, ko ta cire ganga ta bar murya. Gaskiya ne, akwai shi. VirtualDJ da djay ta Algoriddim suka fito da shi a 2020, Serato ta biyo baya a ƙarshen 2022. Amma aiki ne mai cin ƙarfin kwamfuta, kuma kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A zafin watan Afrilu, a ƙarƙashin rumfa, nan za ka ji sauti ya fara tsinkewa yana ƙaƙat-ƙaƙat. Kafin ka kashe kuɗi a kan akwati, ka sa mata sabon batir, ka kai ƙwaƙwalwarta aƙalla gig 8, ka canja mata ma'ajiya zuwa SSD, a buɗe ta a kakkaɓe ƙurar Zariya daga fankarta. In Windows ce, ka sa direban ASIO in akwatin ya zo da nasa, don shi ke rage jinkirin da ke tsakanin taɓa maɓalli da fitar sauti. Ranar aiki a kashe Wi-Fi, a hana ta sabunta kanta, a ɗaga ta daga kan tebur iska ta shiga ƙarƙashinta. Kuma don Allah ka cire ƙarar shigowar saƙo, kada duniya ta ji lokacin da mai binka bashi ya tuna da kai.

Wuta kuma ka san halinta. Ƙananan kwantirola daga laftof suke shan wuta, don haka in an ɗauke, kai ba za ka sani ba: kiɗa na ci gaba a kunnenka, lasifika sun mutu, kana ta gyaɗa kai kai kaɗai a gaban jama'a. Wallahi zan biya kuɗin mota in zo in ga wannan. In an tada janareta kuma wata fitinar ta taso, wato gurnanin nan da ke fita a lasifika da zarar ka soka cajar laftof. Gwajinsa ba wuya: zare cajar, in ya yi shiru ka gano ɓarawon. FLX4 da ire-irensa da wayar RCA suke fita, mai kai ja da fari, ita kuwa in ta yi tsawo tana kwasar hayaniya a hanya. Ka bar ta gajera, ka shiga miksar masu lasifika a kusa da kai, daga can a ja XLR zuwa nesa. Ka sayi ɗan akwatin DI ko abin yanke gurnani ka jefa a jaka. Ka kuma haɗa wayarka ta hannu da miksar kai tsaye, da waƙa a ɗane, don ranar da baiwar Allah ta suma.

Ga inda nake so ka buɗe kunne, don wannan babu Baturen YouTube da zai gaya maka. Akwai maɓallin da aka rubuta wa SYNC, wanda na tabbata a kansa ka ɗora dukkan burinka. Manhaja tana auna bugu nawa waƙa ke yi a minti, ta shimfiɗa mata layuka, maɓallin kuma ya haɗa layukan waƙa biyu. A kan amapiano, da ke tafiya wajen bugu 112 a minti, ko waƙoƙin da ake haɗawa a situdiyo da kwamfuta irin na su Ado Gwanja da Hamisu Breaker da Umar M. Shareef, sau da yawa abin yana tafiya daidai, don inji ne ya riƙe lokacin. To amma biki ba na 'yan mata ba ne su kaɗai. Can wajen ƙarfe tara wani kawun ango zai taso da babbar riga, ya ce a sa masa Shata. Nan za ka gane kurenka. Kalangu hannun mutum ne ke kaɗa shi. Makaɗan na ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi, su lafa in mawaƙi zai yi magana, kuma da yawan kiɗanmu tafiyar uku-uku yake yi, alhali manhajar an gina ta ne tana ƙirga huɗu-huɗu. Sai ta ba ka lissafin banza, ko ta ninka shi, ko ta raba shi biyu. Ka danna SYNC a kan wannan, ta ja muryar Shata ta kai inda shi kansa bai taɓa kai ta ba. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, haka kiɗan ƙwarya na iyaye mata, wanda in ka ɓata shi ba za ka fita gidan da hularka ba.

Masu manhajar sun san da matsalar. A rekordbox akwai zaɓin auna waƙa mai canja gudu, Traktor Pro 4 ta 2024 ta zo da layuka masu lanƙwasa, a Serato Pro kuma kana iya dasa alamomin da hannu. Suna taimakawa. Amma maganin gaskiya shi ne ka san waƙar. Ka san inda amshi ke faɗuwa, ka jira shi, ka sauke wannan ka ɗaga waccan a daidai gaɓar. Irin waɗannan ba a cakuɗa su da wata, yanka ake yi mai tsabta. Wannan kunne ne, kuma ba a sayar da shi a kasuwar Alaba. Naka kunnuwan dai manya ne, Allah Ya sa ba na ado ba ne.

Waƙoƙin naka ma abin dubawa ne. Na taɓa leƙa wayarka: rabinsu sunansu AUD da jerin lambobi, an turo ta WhatsApp, an sake turowa, wasu da muryar wani gardi a tsakiya yana tallar shafinsa. A lasifikar waya ba a ganewa. A manyan lasifika kuwa duk wani rauni sai ya fito fili. Ka nemi masu kyau, MP3 mai 320 in da hali, ka saya a inda ake sayarwa mawaƙan su ma su ci abinci. Ka zauna ka rubuta wa kowace sunanta da na mai ita. Ka ware su gida-gida: na kamu, na shigowar amarya, na liƙi, na iyaye, na lokacin cin abinci. Kada ka dogara da jawo waƙa daga intanet a wurin biki, don ranar da ka fi bukatar sabis ranar yake tafiya ganin gida. Wannan aikin jerawa shi ne kashi mafi girma na sana'ar, kuma shi ne wanda ba a ɗaukarsa hoto, shi ya sa na san za ka yi ta ɗaga shi zuwa gobe.

In na hannu za ka saya, ba aibi, amma ka tafi da laftof ɗinka da abin kunnenka. Ka ja kowane abin ja sama da ƙasa a hankali kana saurare ko yana ƙarar yashi. Ka juya faifan biyu, ka danna kowane maɓalli, ka girgiza wayar USB a raminta ka ga ko haɗin zai yanke. In Traktor ne duk da gargaɗina, ka tabbata mai shi ya sakar maka lasisin manhajar, in ba haka ba akwati kawai ka saya. Ka kuma rage kuɗin jaka mai kauri, don na san a bayan acaɓa za ka riƙa ɗaukarsa.

Saura ciniki, kuma nan ne ba zan bar ka kai kaɗai ba. Ka shigo motar safe ranar Asabar, ka sauka a Unguwa Uku, ka kira ni. Za mu zaga Beirut Road da Sabon Gari, in babu a sa a ɗauko mana daga Legas. Sharaɗina biyu ne. Gurasa da balangun rana a wuyanka suke. Sannan in mun shiga shago ka bar tabarau a aljihu, ka tsaya a bayana ka riƙe jaka, kada ka ce uffan. Kana buɗe baki da Turancin nan naka na Samaru za a ninka mana kuɗin.